Shin Ko Kun San? Furen Gida da Abin da Ke Kashe Shi

Shin ko kun san yawan ruwa na kashe furen tukunya kamar yadda ƙishi ke kashe shi, kuma sau da yawa ma ya fi ƙishi sauri? Saiwa tana numfashi. Idan ƙasa ta jiƙe sharkaf kwana da kwanaki, iska ba ta samun wurin shiga, sai saiwar ta ruɓe. Abin haushin shi ne alamar iri ɗaya ce da ta ƙishi: ganye ya yi laushi, ya koma ruwan ɗorawa. Mai gida ya gani ya tausaya, ya ƙara bokiti guda, ya ƙarasa shukar. Kafin ku zuba ruwa, ku tura ɗan yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In akwai danshi, ku bar ta sai gobe. Tukunyar da ba ta da huji a gindi kuwa, ko ta zinariya ce, kabari ce.

Kariya, waccan mai ƙaton gindi da fure ruwan hoda, Turawa na kiranta furen hamada, suna kuma sayenta da tsada. Gindin nan rumbun ruwa ne, shi ya sa take fure da rani lokacin da ta kaɗe ganye. Yashi take so da rana, ba laka ba. Amma ƙaronta dafi ne, har maharba sun yi amfani da shi a bakin kibiya a sassan Afirka. A nisanta ta da yara da awaki.

Shin ko kun san jan abin nan da kuke gani a jikin bugambiliya, mai hawa katanga, ba fure ba ne? Ganye ne da ya sauya launi. Furen na gaskiya ɗan fari ne ƙil, yana ɓoye a tsakiya. Asalinta Kudancin Amurka ce, kuma sunan wani matuƙin jirgin ruwan Faransa, Bougainville, aka laƙa mata, bayan tawagarsa ta gan ta a Brazil a shekarun 1760. Idan taku ta yi ganye lif ta ƙi fure, gata ne ya yi mata yawa. Ku rage ruwa, ku daina taki, ku bar ta ta sha rana. Wuya ce ke sa ta ado.

Haka zoɓon da muke sha: ba furen ba ne, kwanson da ke riƙe da furen ne yake kumbura ya yi ja bayan furen ya faɗi. Dangi ɗaya suke da kuɓewa da rama da auduga. Ku dubi furanninsu, za ku ga kamannin.

In za ku sa taki, ku sani ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Sai ya daɗe a jibge ya ruɓe ya huce tukuna.

Shin ko kun san tururuwar da ke sintiri a kan reshe kiwo take yi? Akwai ƙananan ƙwari da ke manne a bayan ganye suna tsotsar ruwansa, suna fitar da wani abu mai zaƙi da danƙo. Tururuwa na lasar zaƙin, ita kuma tana gadinsu, tamkar Bafulatani da garkensa. Saboda haka in kun gan ta, ku juya ganyen. Maganin yana ƙofar gida: 'ya'yan darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya aka kawo ta. A daka, a jiƙa su kwana, a tace, a ɗan sa sabulu, a fesa da yamma har bayan ganyen. 'Ya'yan sun fi ganyen ƙarfi.

Dashe ma da yamma ake yi, da ƙasar da ke jikin saiwar, don shukar ta samu dare guda ta farfaɗo kafin rana ta buɗe. Baƙar robar shuka tana ɗaukar zafi a watan Afrilu har ta dafa saiwa, tukunyar ƙasa kuwa tana sanyaya ta kamar yadda randa ke yi wa ruwa.

Furen tulif da kuke gani a hotunan Holan ba zai yi a Kano ko Zinder ba, domin albasarsa sai ta yi makonni cikin sanyi mai tsanani kafin ta huda. A 1637 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a can, sannan ya rikito cikin 'yan kwanaki.

Ga kuma ɗan furen nan fari ko ruwan hoda mai kunne biyar, wanda ke fitowa ko a tsagar siminti ba mai kula shi. Daga tsibirin Madagaska ya fito, kuma daga jikinsa aka haƙo vincristine, maganin sankarar jinin yara da Amurka ta amince da shi a 1963. Kada wani ya ji haka ya ɗora tukunya, shukar guba ce.