Tukunyar Gas a Gidanmu: Araha Ba Ta Ado

Ran 18 ga Maris, 1937, wata makaranta ta fashe a garin New London na jihar Texas a Amurka. Yara da malamai kusan 300 suka rasu. Hukumar makarantar ce ta nemi rage kuɗin ɗumama azuzuwa, ta sa aka jona mata bututun gas mai araha. Mahaɗin ya yi ta yoyo, gas ya taru a ƙarƙashin ginin, ba wanda ya sani, gama gas ba shi da wari. Tartsatsi ɗaya na injin lantarki ya isa. Bayan wannan masifa ne aka kafa dokar zuba wa gas wani magani mai ɗoyi, domin hanci ya gargaɗe mu.

Yau da yawa cikinmu mun bar itace mun koma tukunyar gas. Mun gode wa Allah, idon uwargida ya huta da hayaƙi. Amma jarabar makarantar nan tana bakin ƙofarmu. Maigida yakan ɗaure tsagaggen tiyo da tsumma, ko ya kira yaron maƙwabta domin kada ya biya gwani.

Gas na tukunya ya fi iska nauyi. In ya zurare, ƙasa yake kwantawa, inda yaranmu suke rarrafe. Saboda haka in mun ji warinsa, kada mu ƙyasta ashana, kada mu taɓa makunnin lantarki. Mu rufe kan tukunya, mu buɗe ƙofa da taga, mu fitar da yara.

Kafin mu ba mutum aikin bututu, mu tambayi inda ya koya da gidajen da ya yi wa aiki, gama ba kowane mai gyaran famfo ne ya san gas ba. Mu shirya kuɗi tun da fari. In ya gama, ya shafa ruwan sabulu a kowane mahaɗi a gabanmu. Kumfa ta taso, akwai yoyo. Wanda ya gwada da ashana, mu sallame shi nan take. Harshen wutar kuma ya zama shuɗi. Mai ruwan ɗorawa alama ce murhu yana bukatar gyara.

'Yan'uwa, iyalinmu amana ce daga Ubangiji. Mu yi addu'a ya kiyaye gidajenmu, mu kuma biya ma'aikaci hakkinsa ya yi aikin yadda ya kamata.