3.4 Yadda Manhaja Ke Gano Mazaunin Fayil Ɗinta

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda kwamfuta ke adana fayil a cikin jaka. Wannan sashe zai duba yadda manhaja take gano inda nata fayil ɗin yake yayin da take cikin aiki. Muhimmancin hakan shi ne manhajoji da dama sukan ajiye bayanansu a jakar da suke zaune. Alal misali, idan aka kwafi manhajar da ke riƙe da sunayen ɗaliban wata makaranta a Kusada zuwa wata kwamfutar, muddin ba ta san sabon mazauninta ba, ba za ta ga sunayen ba, alhali suna nan kusa da ita.

A harshen C, akan fara duba abin da ke cikin argv[0]. Sai dai wannan hanya ba abin dogaro ba ce, domin wanda ya tayar da manhajar shi ke cika wannan gurbi. Wani lokaci suna kawai ake samu ba tare da adireshi ba.

Saboda haka kowane tsarin aiki ya tanadi tasa hanyar. A Windows ana amfani da GetModuleFileName, amma idan adireshin ya fi wurin da aka ware masa tsawo, sai ya dawo a yanke. A Linux ana karanta /proc/self/exe ta hanyar readlink, kuma idan an goge fayil ɗin bayan manhajar ta tashi, adireshin kan zo da alamar gogewa a ƙarshensa. A macOS akwai _NSGetExecutablePath, wadda amsarta kan buƙaci tacewa da realpath. FreeBSD na amfani da sysctl, Solaris kuwa getexecname.

Wannan bambanci ne ya sa wasu harsunan suka haɗa hanyoyin a ƙarƙashin umarni guda, kamar os.Executable da aka shigar a Go 1.8 a shekarar 2017.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa babu hanya ɗaya da ta game dukkan tsare-tsaren. Wajibi ne mai rubuta manhaja ya zaɓi wadda ta dace da kowane tsari, ya kuma tanadi abin da manhajar za ta yi idan adireshin bai samu ba.