Idan Abokin Hulɗa Ya Zama Kishiya: Darasi Daga Kasuwar Kwamfutar Aljihu

A cikin watan Oktoba na shekarar 2003 ne kamfanin Palm na ƙasar Amurka ya kammala sayen kamfanin Handspring, a wani ciniki da aka ƙiyasta a kan dala miliyan 169 lokacin da aka bayyana shi. Cinikin ya kawo ƙarshen wani zama mai wuyar sha'ani da aka shafe shekara biyar ana yi, inda Handspring yake biyan Palm kuɗin lasisi a kan kowace na'ura da ya sayar, alhali kuma a kanta ɗaya ake jera na'urorin kamfanonin biyu, kowanne yana neman ƙwace mai sayen ɗan'uwansa.

Tarihin kasuwar kwamfutar aljihu, wato 'yar ƙaramar na'urar nan da ake riƙewa a tafin hannu domin adana lambobi da jadawalin aiki da rubuce-rubuce, cike yake da irin wannan zama. Masu ƙerawa sun yi gasa da waɗanda suka bai wa lasisi, dillalai sun koma ƙera nasu kayan, wasu masu ƙerawar kuma sun buɗe nasu kantunan. Abin da tarihin ya nuna shi ne hulɗar takan ɗore ne muddin kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗayan ba zai samu cikin sauƙi a wani wuri ba. Ranar da wannan ya kau, takardar yarjejeniya ba ta iya riƙe kowa.

Yadda Palm ya haifi kishiyarsa

Jeff Hawkins ne ya kafa kamfanin Palm a shekarar 1992, daga bisani Donna Dubinsky da Ed Colligan suka shigo cikin tafiyar. Aikin farko da kamfanin ya sa hannu a ciki shi ne na wata na'ura mai suna Zoomer wadda ta fito a 1993, da haɗin gwiwar kamfanin Casio na Japan da kuma Tandy, mai kantunan RadioShack. Na'urar ba ta karɓu ba. A 1995 kamfanin U.S. Robotics ya saye Palm a kan dala miliyan 44, kuma a shekara mai bi aka fitar da na'urar Pilot a kan dala 299, wadda ta samu kasuwa fiye da yadda ake zato. A 1997 kamfanin 3Com ya haɗiye U.S. Robotics, Palm ya zama wani sashe a cikin babban kamfanin da ainihin sana'arsa ita ce kayan sadarwa tsakanin kwamfutoci.

Hawkins da Dubinsky sun nemi a ware Palm ya tsaya da ƙafarsa, amma shugabannin 3Com ba su amince ba a lokacin. Saboda haka suka ajiye aiki a 1998, suka kafa Handspring. Abin lura shi ne 3Com ya yarda ya ba su lasisin yin amfani da Palm OS, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar, wadda ita ce ruhinta.

Akwai hujjar tattalin arziki a bayan wannan shawara. Darajar manhaja tana ƙaruwa ne gwargwadon yawan masu amfani da ita, domin masu rubuta ƙananan manhajoji sukan bi inda jama'a suka fi yawa, jama'a kuma sukan bi inda manhajojin suka fi yawa. A lokacin kamfanin Microsoft yana matsa lamba da tasa manhajar, Windows CE, wadda yake bai wa duk mai ƙerawa da ya nema. Palm ya ga cewa idan ya killace tasa, za a mamaye shi. Don haka ya buɗe ƙofa. IBM ya riƙa sayar da na'urorin Palm da sunan WorkPad tun daga 1997, kamfanin Symbol ya ƙera masu karanta lambar kaya domin sito da manyan kantuna, sai kuma Sony da ya shigo da tasa na'urar mai suna Clié a shekarar 2000.

Hulɗa da IBM da Symbol ba ta haifar da wata matsala ba, domin kowannensu yana kai na'urar ne wurin da Palm bai kai ba, wato manyan ofisoshi da masana'antu. Handspring kuwa mai saye ɗaya suke nema da Palm.

Yaƙin farashi a kan kanta

Handspring ya fitar da na'urarsa ta Visor a 1999, mafi araharta a kan dala 149, tana kuma da wata kafa a bayanta da ake cusa ƙarin kayan aiki kamar kyamara ko na'urar sauraron kiɗa. Da farko ta intanet kawai ake sayar da ita, kuma odar da ta yi wa kamfanin yawa ta jawo jinkirin isar da kaya da ƙorafin masu saye. A farkon shekarar 2000 kamfanin ya shiga manyan kantuna irin su Best Buy da CompUSA da Staples, inda nan take ya fara cin rabon Palm. A watan Agusta na wannan shekara Palm ya mayar da martani da na'urar m100, ita ma a kan dala 149.

Ga masu kantuna wannan gasa ta zo da alheri, domin ta ba su ƙarfin ciniki. A al'adar kasuwar kayan lantarki ta Amurka, mai ƙerawa yakan ɗauki alkawarin biyan mai kanti bambancin kuɗi idan ya karya farashin kayan da ke jibge a kantin, kuma sau da yawa akan yarda a mayar masa da wani kaso na abin da bai shiga ba. Ma'ana, idan kamfanoni biyu suka shiga karya farashi, asarar a wuyansu take komawa, mai kanti kuma yana samun cikar masu saye.

Hakan ta bayyana a fili a shekarar 2001. A watan Maris Palm ya ba da sanarwar sababbin na'urorinsa na m500 da m505 tun kafin su kasance a shirye. Masu saye suka daina taɓa tsofaffin suna jiran sababbi, sababbin kuma suka makara, ga shi tattalin arzikin Amurka ya ja baya. Haja ta yi kwantai, har kamfanin ya rubuta asarar sama da dala miliyan 250 a kan kayan da suka maƙale. Da ya karya farashi domin ya rabu da su, sai da Handspring ya bi sahu, shi ma ya tafka asara. Shugaban Palm na lokacin, Carl Yankowski, ya sauka daga muƙaminsa a watan Nuwamba.

Katangar da ba ta yi amfani ba

Babban ƙorafin masu lasisi shi ne mai ba su manhaja shi ne kuma abokin gasarsu. Duk mai son a gyara manhajar domin wata sabuwar na'ura da yake shiryawa, dole ya bayyana sirrinsa ga kamfanin da zai kara da shi a kanti bayan 'yan watanni. Haka nan akwai zargin cewa sashen ƙera na'urori na Palm yana riga kowa ganin sabuwar manhaja.

Maganin da Palm ya kawo shi ne gina katanga a cikin gidansa. Ya ware sashen manhaja ya ba shi suna PalmSource, da nasa shugabannin da nasa littattafan lissafi, kuma a 2002 Sony ya zuba dala miliyan 20 a cikinsa. A watan Oktoba na 2003 aka kammala rabuwar, PalmSource ya zama kamfani mai zaman kansa, sashen na'urori kuma ya haɗe da Handspring aka kira shi palmOne. Abin da ya ja hankalin Palm ga Handspring shi ne Treo, na'urar da ta haɗa kwamfutar aljihu da wayar hannu, wadda ta fara shiga kasuwa a 2002.

Rabuwar ta zo a makare. Sayen Handspring ya rage wa PalmSource babban mai lasisi guda, sannan a 2004 Sony ya janye Clié daga kasuwannin wajen Japan, ya kuma daina ƙera ta gaba ɗaya a 2005. PalmSource ya wayi gari kusan duk kuɗin shigarsa daga tsohon gidansa yake fitowa. A 2005 kamfanin ACCESS na Japan ya saye shi a kan dala miliyan 324. Shi kuwa palmOne sai da ya biya dala miliyan 30 kafin ya dawo da sunan Palm, kuma a ƙarshen 2006 ya sake biyan ACCESS dala miliyan 44 domin samun izinin dindindin a kan manhajar da shi ya ƙirƙira. A farkon wannan shekarar ma ya riga ya fitar da Treo mai aiki da manhajar Microsoft, tsohon abokin hamayyarsa.

Kamfanin HP ne ya saye Palm a 2010 a kan dala biliyan 1.2. Na'urar TouchPad da ya fitar a watan Yuli na 2011 a kan dala 499 ba ta cika wata biyu a kasuwa ba aka dakatar da ita, aka kuma karya farashinta zuwa dala 99 domin a kwashe abin da ya taru a kantuna.

Idan dillali ya fara ƙerawa

Wani lokaci dillali ne kan rikiɗa. Kamfanin Dell, wanda ya yi suna wajen sayar da kwamfuta kai tsaye ga mai saye, ya daɗe yana dillancin kayan wasu kamfanoni, ciki har da na'urorin Palm da injunan buga takardu na HP. Da ta bayyana a 2002 cewa Dell yana shirin fitar da nasa injunan buga takardu, HP ya yanke hulɗar ba shi kaya a watan Yuli. A ƙarshen shekarar kuma Dell ya fitar da tasa kwamfutar aljihu mai suna Axim a farashi mai rahusa.

Lissafin HP a bayyane yake. Dillali ya san sunan kowane mai saye, ya san abin da ya saya da lokacin da zai buƙaci sabo. Ci gaba da ba shi kaya tamkar tara masa jerin mutanen da zai tallata wa nasa kayan ne gobe. HP ya iya ɗaukar wannan mataki ne domin yana da dubban wasu dillalai da za su maye gurbin.

Idan mai ƙerawa yana da kanti

Ɗaya fuskar ita ce ta kamfanin Amazon. Ya fitar da na'urar karatu ta Kindle a 2007, kuma a 2010 manyan kantuna irin su Target suka fara ɗaukarta. A watan Nuwamba na 2011 ya kawo Kindle Fire a kan dala 199, farashin da bai bar wata riba ta kirki ba, domin manufar kamfanin ita ce mai riƙe da na'urar ya riƙa sayen littattafai da sauran kayayyaki daga Amazon ta cikinta. A watan Disamba kuma ya yi wa jama'a tayin ragin kashi 5 cikin 100 idan suka shiga kanti, suka duba farashin kaya da wayarsu, sannan suka saya a wurinsa.

Masu kantuna suka ga abin ya zama kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Su ke biyan haya da wuta da albashin ma'aikatan da ke nuna kaya, ciniki kuma yana tafiya wani wuri. Target ya daina sayar da Kindle a 2012, Walmart ya bi baya a watan Satumba na shekarar. Best Buy kuwa ya zaɓi wata hanya. Ya ci gaba da ɗaukar Kindle, a 2013 ya tsayar da dokar daidaita farashinsa da na manyan masu sayarwa ta intanet, ya kuma ware wa masu ƙerawa irin su Samsung fili a cikin kantunansa, su kawo kaya da ma'aikata. Target da Walmart suna da abinci da tufafi da dubban kayayyaki da ba za su ji rashin Kindle ba. Best Buy kayan lantarki ne kaɗai sana'arsa, kuma kantin lantarki da ya rasa kayan da ake yayi ya rasa masu shigowa.

Abin da ɗan kasuwa zai duba

Dillalan wayoyi da kwamfutoci a kasuwar Ikeja ta Legas da ta Farm Centre a Kano suna hulɗa da kamfanonin da su ma suke kai kayansu ga mai saye ta intanet da wasu hanyoyi, don haka tambayoyin da suka taso a Amurka sun shafe su. Kafin sa hannu a kan takardar wakilci, ya kamata a san wanda zai ɗauki asara idan kamfani ya karya farashi ko ya sanar da sabon samfuri alhali tsohon yana sito. Ya kamata a rubuta ko kamfanin yana da damar sayarwa kai tsaye a yankin wakilinsa, da farashin da zai sayar, da wanda ya mallaki sunaye da lambobin masu saye. Haka nan a fayyace wa'adin sanarwa kafin raba gari, da makomar kayan da suka rage da kuma garantin waɗanda aka riga aka sayar.

Bayan takarda, sai ɗan kasuwa ya auna kason cinikinsa da ya rataya a kan kamfani guda. PalmSource ya dogara da mai saye ɗaya, bai kuma yi shekara uku da cin gashin kansa ba aka sayar da shi. Wakilin da ke ɗaukar kayan kamfanoni da dama, yake gyara, yake ba amintattun abokan cinikinsa bashi, yana da abin da kamfanin waje ba zai gina cikin shekara ɗaya ko biyu ba, kuma da wannan ne zai zauna teburin ciniki ranar da abokin hulɗarsa ya buɗe shago kusa da nasa.