Kwanan Hanyar Lome Zuwa Arewa: Yadda Za Ka Zaɓi Tantin Da Ba Zai Ba Ka Kunya Ba

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar da rufe iyakarta da Benin, kaya masu yawa da a da ake saukewa a Kwatano sun koma bi ta tashar jiragen ruwa ta Lome. Manyan motoci na ɗaukar kayan su kama babbar hanya mai lamba ɗaya, su ratsa Atakpame, Sokode, Kara, Mango da Dapaong har Sinkase, tafiyar sama da kilomita 600, sannan su shiga Burkina Faso su bi ta Kaya da Dori zuwa Tera da Yamai, galibi cikin ayari da rakiyar sojoji. Duk wanda ke zaune a Agoe-Zongo ko Togblekope ya san wani a cikin wannan harka: direba, yaron mota, ko ɗan kasuwa mai bin kayansa.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne kwana. Jiran takarda, jiran ayari, ko lalacewar mota a inda babu gari, duk suna sa mutum ya yi kwanaki a waje. Direba yana da gado a cikin kan mota. Yaron mota kuwa sai tabarma a ƙasa, da gidan sauro in ya yi sa'a. Haka masu rakiyar shanu da raguna zuwa kasuwar dabbobi ta Adetikope. Shi ya sa ƙaramin tanti na mutum ɗaya, wanda a da ake gani kayan Turawa masu yawon buɗe ido ne, ya zama abin da ya kamata matafiyi ya duba. Sai dai ba kowane tanti ne ke jure hanyarmu ba.

Ƙasa ɗaya, yanayi biyu

Kudancin Togo yana da damina biyu: babba daga Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi ƙarfi a Yuni, da ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Arewa damina ɗaya gare ta, daga Mayu zuwa Oktoba, kuma ruwan farko yakan zo da guguwa mai yaye kwanon ɗaki. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, ƙura da sanyin asuba. A Maris da Afrilu zafin Mango kan haura digiri 40. Ke nan tantinka zai yi faɗa da ruwa, iska, ƙura da rana, ga sauro a kowane lokaci. Tantin da aka yi don ƙanƙarar Turai, mai kauri marar tagogi, a nan tanda zai zame maka.

Rufi biyu ya fi ɗaya

Abu na farko da za ka tambaya: rufinsa nawa? Tanti mai kyau kashi biyu ne, ɗaki na ciki da aka yi da raga, da rigar ruwa da ake lulluɓawa a sama, da ɗan fili a tsakaninsu. Dalili kuwa, numfashi da gumin mai barci suna tashi su taru a jikin rufi su zama raɓa. In rufin ɗaya ne, da asuba za ka farka a jiƙe ka ɗauka yoyo yake yi. A daren zafi kuma kana iya cire rigar ruwan ka kwana a cikin ragar kaɗai, iska na shiga, sauro na waje. Ka tabbata rigar ta sauko kusa da ƙasa ta kowane gefe. Waɗanda ke da 'yar hula a saman kai kawai na wasan yara ne a bakin teku.

Lambar da ke jikin jaka

A jikin jakar tanti na kirki za ka ga lamba da harufan mm, misali 2000 mm ko 3000 mm. Ma'anarta tsayin ruwan da za a tara a kan yadin kafin ya fara ɗiga. 1500 shi ne mafi ƙaranci da ake kira mai hana ruwa. Don ruwan Yuni a Lome ko markar Agusta a Kara, nemi 3000 ga rigar sama, 5000 ga shimfiɗar ƙasa, domin gwiwa da gwiwar hannu suna matsa ruwa ya ratso yadi. Shimfiɗar ta tashi kamar baho, aƙalla santimita 10 a kowane gefe, don ruwa mai gudu kada ya shigo. Juya ɗinkin ka duba: dole a ga siririn tef a manne a kansa, in babu, ta ramin allura ruwa zai bi.

Yadi iri biyu ne suka fi yawa, nailan da foliyesta. Nailan ya fi sauƙin nauyi da ƙarfin yagewa, amma yana saki in ya jiƙe, kuma rana tana cinye shi da wuri. A ƙasa mai rana irin tamu foliyesta ya fi daɗewa. Duk da haka, kada ka bar tanti a kafe da tsakar rana in ba dole ba.

Sanduna da turaku

A nan ne araha ke nuna ba ta ado. Sandunan faiba, baƙaƙen nan da ake samu a tantuna masu arha, in iska ta danne su tsagewa suke yi, tsagin ya huda yadi ko hannunka. Na alminiyam lanƙwashewa suke yi, kuma ana iya gyara su da ɗan bututu da tef. Ga wanda zai riƙa amfani da shi kowane mako, alminiyam ne.

Sai siffa. Akwai mai kama da ƙwarya a kife, wanda sanduna biyu ke gittawa a samansa ya tsaya da kansa, akwai kuma dogo mai kama da rami wanda ba ya tsayuwa sai an kafa turaku. Wurin ajiye motoci siminti ne, ko kwalta, ko marmara mai tauri da turke ba ya shiga. Don haka ɗan hanya ya ɗauki mai tsayuwa da kansa, ya ɗaure igiyoyinsa a dutse ko jarkar ruwa. Kada ka raina igiyoyin nan na gefe, su ne ke riƙe tanti a guguwa. Turakun waya da ke zuwa da shi ba su da ƙarfi, maƙeri zai yanka maka na rodi masu lanƙwasa a kai.

Girma da raga

Tantin mutum ɗaya tsawonsa kamar santimita 210 ne, faɗi 80 zuwa 100, tsayi kusan mita ɗaya, nauyi kilo ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Shiga ka kwanta kafin ka biya. In kanka ko ƙafarka na taɓa bango, bar shi, domin sauro yana cizo ta jikin raga. Ba a iya tsayuwa a ciki, sallarka a waje za ka yi. Mai jaka da takardun kaya, in mota ce za ta ɗauki nauyin, gara ya sayi na mutum biyu. Ragar ta zama mai ƙananan ido kamar na gidan sauron asibiti ko ma fiye, amma ka sani yawancinsu babu maganin sauro a jiki. Zif a rufe kullum, takalmi a ciki ko a kakkaɓe shi da safe saboda kunama.

In na gwanjo za ka saya

Da yawa daga cikinmu Hedzranawoe za mu nufa. Ba laifi, tsohon tanti na asali ya fi sabon jabu. Amma a kafa shi a gabanka. Shinshina cikinsa: in yana wari mai tsami, ko yana danƙo a hannu, ko wani farin abu na ɓarewa, sinadarin hana ruwan ya mutu, kuma damshin Lome zai ƙarasa shi. Ɗaga yadin ga rana ka nemi huji. Ja zif sama da ƙasa sau da yawa. Ƙirga sanduna. Mai kaya in ya ƙi a buɗe, malam, yi gaba.

Wuta da wurin kwana

Mahajjata na tuna gobarar Mina ta Afrilun 1997, wadda ta kashe sama da mutum 300, abin da ya sa Saudiyya ta koma tantuna marasa cin wuta. Naka ba irinsu ba ne, roba ce, cikin daƙiƙoƙi take narkewa a jikin mutum. Kada kyandir, sigari, maganin sauro na kunnawa ko risho su shiga ciki. Mafi haɗari shi ne shigar da kurfotin gawayi don ɗumi a hunturu: yana fitar da iskar guba marar wari mai kashe mai barci. Shayi a dafa shi a waje, nesa.

Kada ka kafa a ƙarƙashin mota ko bayan tayoyinta, ko kusa da salansa injin na aiki, kuma direba ya san inda kake kwance. Guji kwari da busasshen rafi, ruwan da aka yi a wani wuri yana iya iso maka cikin dare. Guji gindin itace ɗaya tilo lokacin tsawa. Yankin Savanes yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro tun Yunin 2022, saboda haka daga Mango zuwa sama ba wurin kwana kai kaɗai a daji ba ne. Tsaya inda jama'a da jami'an tsaro suke, katin shaidarka a jikinka. A ƙauye kuwa, gai da mai gari ka nemi izini tukuna.

Da ka dawo gida, shanya shi a inuwa ya bushe sarai kafin ka naɗe, ka goge ƙurar zif da tsohon buroshi ka shafa masa ɗan kyandir. Masu motoci kuma su yi lissafi: kuɗin tanti ɗaya, da kuɗin jinyar zazzaɓin cizon sauro haɗe da kwanakin da yaro zai yi kwance mota na jira a Sinkase, wanne ya fi yawa?