Kalma Ɗaya, Ma'ana da Yawa

Ɗalibi, ka san cewa a Turanci kalmar "bank" tana nufin banki, wato wurin ajiyar kuɗi, tana kuma nufin gaɓar kogi. Hausa ma tana da irin waɗannan kalmomi. Babban misali shi ne "ci". Ka fara koyon ta da ma'anar cin abinci, amma ma'anarta ba ta tsaya nan ba.

Dubi waɗannan jimloli:

1. Audu ya ci tuwo.
2. Binta ta ci jarrabawa.
3. Kasuwar garinmu tana ci ran Juma'a.
4. Wuta ta ci rumbu.
5. Manomi ya ci bashi.

A jimla ta farko kaɗai aka sa abu a baki. Binta nasara ta yi. Kasuwa kuwa, ranar Juma'a ce mutane suke taruwa a cikinta don saye da sayarwa. Rumbu ƙonewa ya yi, manomi kuma rance ya karɓa.

Ka lura ƙwarai, domin wani cin yabo ne, wani kuma zargi ne. Wanda ya ci zaɓe ana yi masa murna. Wanda ya ci amana kuwa, ko ya ci mutuncin wani, ya aikata abin kunya.

Saboda haka, kada ka yi gaggawar fassara "ci". Dubi kalmomin da suke tare da ita tukuna, su ne za su nuna maka ma'anarta.

Aiki: Yi jimla ɗaya-ɗaya da "ci gaba", "ci riba" da "ci ƙwallo".