Hanyoyin bincike a fannin tsarin sarrafa bayanai

Hanyoyin bincike a fannin tsarin sarrafa bayanai su ne dabarun da ɗalibin digiri na biyu ko na uku yake bi wajen tattara hujjojin kundinsa. Galibi akan raba takardar tambayoyi, a auna amsoshin da mizanin TAM na karɓar fasaha, wanda Fred Davis ya fitar a 1989. Wannan hanya ba ta wadatarwa a ko'ina. A ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari na jihar Sakkwato, asibitocin karkara a rajistar takarda suke rubuta bayanan marasa lafiya, sai ƙarshen wata a shigar da jimillar cikin manhajar DHIS2. Dole mai nazarin tsarin ya je asibitin, ya zanta da ma'aikata, ya kwatanta rajistar da alƙaluman manhajar, domin kuskure yakan auku tun kafin a kai ga kwamfuta.