Furen Da Ba Ya Fitowa Sai Ya Sha Sanyi

'Yan'uwa ɗalibai, a darasin kimiyya mun koyi cewa tsiro na buƙatar ruwa da iska da hasken rana. To, ga wani ɗan fure da ya ƙara sharaɗi na huɗu, wato sanyi mai tsanani. Sunansa a kimiyance Tulipa tarda, ɗaya daga cikin furannin tulif na daji. Asalinsa daga duwatsun Tiyan Shan ne a tsakiyar Asiya, amma yau ana shuka shi a lambunan Turai.

Gajere ne, da kyar yake wuce santimita 15. Furensa rawaya ne mai fararen baki, siffarsa kamar tauraro. Yakan buɗe idan rana ta fito, ya rufe da yamma.

Abin da ake shukawa wani ɗan dunƙule ne mai kama da ƙaramar albasa, sai dai ba a cin sa. A Turai ana binne shi a watan Oktoba ko Nuwamba, zurfin kusan santimita 10, tsinin yana kallon sama. Wurin ya zama mai samun rana, ƙasar kuma mai yashi wadda ruwa ba ya kwanciya, don laima na ruɓar da shi.

Abin mamakin shi ne, tun kafin a shuka shi furen ya riga ya haɗu a cikin dunƙulen. Amma karan ba zai miƙe sosai ba sai ya yi makonni 12 ko fiye a cikin sanyin da ya gaza digiri 9. Sai wajen Afrilu yake fure. Wannan ne ya sa ba ma ganin sa a lambunanmu. Sanyin hunturunmu da muke ta kuka da shi a wajen taron safe, kafin hantsi ya gudu. Masu son tulif a ƙasashen zafi sukan ajiye dunƙulen a firji na tsawon makonnin nan. A ganinmu wannan caca ce a inda wuta ke ɗaukewa kullum.

Bayan fure ya bushe, kuskuren da masu lambu ke yawan yi shi ne yanke ganyen don wuri ya yi kyau. Ganyen nan ne ke haɗa abincin da dunƙulen zai adana don baɗi. Ana barin sa kamar makonni 6 har ya bushe da kansa, sannan a daina ba da ruwa. Idan an kiyaye haka, dunƙulen yakan yi 'ya'ya a gefensa, furen ya riƙa ƙaruwa shekara bayan shekara.